Layi na Tara

Teburina yana gindin darbejiya, bakin kotu a Gyaɗi-gyaɗi.
Shekara ashirin ina buga wa mutane takardar rantsuwa:
ɓatan shaidar fili, canjin suna, ranar haihuwa.
Ran wata Talata Saje Ilu Barau ya zo
yana jan ƙafar hagu kamar ta aro,
ya zaro fayil daga cikin ledar burodi.

Ya ce, Malam Sabitu, karanta min layi na tara.
Na karanta: an kwantar da shi kwana arba'in da ɗaya,
dalili, zazzaɓin cizon sauro.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace,
ya ce, ashe sauron Laberiya da ƙarfe yake cizo.

Ya ɗage riga.
Tabo ne tun daga kwiɓi har kwankwaso,
ɗinkin gaggawa irin na bakin buhu,
wanda aka yi da hasken tocila.

Wani akawu ne, in ji shi, cikin tanti, da tsakar dare,
masu rauni sun yi yawa, barci na fizgarsa,
ya rubuta wa mutum goma ciwo ɗaya.
Ban riƙe shi ba, shi ma yaro ne.
Amma layin nan ya cinye min lambar yabo,
ya cinye kuɗin rauni,
yanzu ya biyo jikata har aji:
wai an ce mata kakanta jinya ya je yi.

Ƙofar banki ma ta sani, in ji shi.
Duk wata in na je karɓar fansho
sai ta yi ƙara ta ƙi buɗewa,
in zube makulli, in zube waya, ta ƙi.
Ƙofa ta yarda, fayil ya ƙi yarda.

Aka ce a kawo hoton ƙashi. Ya tafi Dala,
ya dawo da baƙin faifai, muka ɗaga wa rana.
Ga shi nan fari fat, girman ƙwayar gurjiya,
ya zauna a ƙashi kamar ɗan hayan da ya ƙi tashi.

Aka ce a kawo shaida.
Cikin su bakwai da suka hau gadar
huɗu suna kwance a can,
ɗaya yana Fagge, bai ƙara sanin sunansa ba.
Saura Kofur Bitrus Gambo
mai sayar da gilashin mota a Ƙofar Ruwa.
Ya rufe shago ya zo.
Ya ce, rubuta: ƙarfen nan ni aka aiko wa,
shi ya tare, sannan ya saɓo ni a kafaɗa.
Saje ya kau da kai yana ƙirga motocin titi.

Daga barikin Bukavu zuwa Abuja.
Daga Abuja, shiru.
Damina biyu. Na sake bugawa sau shida
har na haddace lambarsa ta soja fiye da ta wayata.
A karo na uku na daina karɓar kuɗinsa,
shi kuma ya fara zuwa da goro.

Amsa ta zo ran Alhamis, bayan la'asar.
An ja wa layi na tara jan biro,
a samansa an rubuta: rauni a fagen fama.
Lambar yabon, wai tana nan tafe.

Ya ce, sake karantawa.
Na sake.
Ya ce, yi min kwafi uku:
ɗaya na Bitrus, ɗaya na ƙarƙashin matashi,
ɗaya Ladiyo ta kai makaranta.

Ya miƙe a hankali.
Ƙafar ba ta ji labarin an gyara komai ba.
Ya ce in tattara takarduna, ruwa na zuwa,
tun da asuba ƙarfen ya gaya masa.