Bayan An Kunna Fitilu

Zuwaira ce ta sayi tikiti,
ta ce, "Anti, yau ki bar keken ɗinki ya huta."
Muka hau danfo daga Agege zuwa Ikeja,
kwandasta na rataye a ƙofa kamar shanya.

Sanyin ɗakin ya shige mini ƙashi.
Aka kashe fitilu.

Matar fim ɗin kyakkyawa ce, har kukanta da tsari.
An shafa mata shuɗi a ƙasan ido,
daidai inda kyamara take so.
Nawa bai taɓa kusantar fuska ba.
Ya san gobe akwai suna a maƙwabta,
ya san iyakar inda zane ke rufewa.

Mijinta kuwa tun shigowarsa ka gane mugu ne:
jan ido, kwalba a hannu, kiɗan tsoro na biye da shi.
Nawa babu kiɗan da ke rako shi.
Shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare,
shi ke raba faɗa a bakin famfo,
har gobe in an ambaci Sallau a rumfar albasa
sai a ce, kai, mutumin kirki.

Abu guda suka gano.
Ƙarar makulli.
Yadda ta ajiye cokali a hankali da ta ji shi,
ta bi ɗakin da ido tana neman laifinta
kafin shi ya samo.
Na damƙe hannun kujera.
Wa ya gaya musu wannan?

Wani a bayana, bakinsa cike da gugguru,
ya ce me ya hana ta tafiya tun farko.
Aka yi dariya.
Na so in juya in tambaye shi
nawa ne ɗaki ɗaya a Dopemu,
kuɗin shekara biyu a dunƙule, ga na ejan,
ga yarinya mai tari.
Ban juya ba.

A ƙarshe ta fita cikin ruwan sama da akwati ɗaya,
ta tsaya kan gada, teku a ƙasanta,
sunaye suka fara hawa bango.
Aka tafa.

To ai nan nawa ya fara.
Ni ranar babu ruwa, Talata ce, rana tsaka,
Ummi a goye, kan keke a buhun shinkafa,
takalmi wari da wari.
Babu wanda ya ɗauki hoton wata bakwai
a tabarmar yayata, kusa da kurfoti,
ko wayar Inna daga Funtuwa:
"Haƙuri dai, 'yar nan, kowa da haka ya zauna."
Ko daren da na yi kewarsa,
na tashi da asuba ina jin kunyar kaina.

A waje Zuwaira ta ce, "Ya kika gani?"
Na ce, "Ta iya kuka."
Muka sayi gasasshiyar masara, muka tsaya jiran mota.

Da na iso gida babu wuta, layin ya yi tsit.
Na laluba jaka, na ciro makullina,
na girgiza shi da gangan, da ƙarfi,
har karen masu gida ya amsa.
A ciki Ummi ta ji.
Da gudu ta taho.