Zip da Maɓalli

Shekara talatin da ɗaya ina taka keke
a layin teloli, babbar kasuwar Maradi.
Bana ƙafar hagu ta ce ta gaji.
Ta kumbura har takalmi ya ƙi ta,
in na danna da yatsa rami ya zauna
kamar sawun akuya a lakar Gulbi.

Tsahara ta dawo daga jami'a da yamma,
ta ɗora ƙafar bisa cinyarta,
ta ɗauki allin da nake zana yadi
ta yi mini zane a bayan kwali.

Ta ce, Baba, hanyar jini ba tiyo ba ce.
Ƙwayoyi ne jere, gefe da gefe,
kowace da 'yan ƙugiyoyi a bakinta
tana riƙe da na maƙwabciya.
A hanyar jini riƙon zip ne,
haƙori cikin haƙori, ba ɗan tsakani.

Na ce, to ruwan nan fa, ta ina ya tsere?

Ta ce, kullum kaɗan yana tsatsafowa.
Akwai wata hanya, farar hanya,
mai bi ta kaluluwa, ita ke kwashewa.
Bakinta maɓalli aka yi mata,
nan a ɗaure, can a sake,
ruwa ya shiga ta tsakanin biyu
ƙofa ta faɗo a bayansa.

Na yi dariya har Ɗan Jimo mai guga ya leƙo.
Ni da na ɗinka wa rabin Zariya wando,
ni da na san zip ɗin da zai mutu kafin salla,
ashe da aikin a cikina nake yawo,
ɗinkin da ba allura, ba zare,
ba wanda ya taɓa zuwa karɓa.

Ta ce kada in yi wa kaina hukunci,
zanen kwali ba awo ba ne.
Gobe asibiti, a duba zuciya, a duba ƙoda.
Na ce ina da riguna shida na amana.
Ta kwashe su ta sa a ƙarƙashin hammata.

Daren nan ƙafata na bisa matashi biyu.
Fitila ta ɗauke, unguwa ta yi tsit.
Ina lissafin maɓallan da na taɓa sa wa mutane,
na kai ɗari huɗu na ɓace,
na koma farko.