Baƙon Ran Kasuwa

Gyaran rediyo nake yi a Mai'adua,
bakin titin Kwangwalam, jikin 'yan taya.
Na daɗe ina jin yaƙin Sudan
daga cikin akwatunan da nake kwancewa.
In na ɗaure, na murɗa, aka ambaci gawawwaki,
sai in ce da mai kaya: ta tashi, kawo ɗari biyar.

Ran Lahadi, kasuwa na watsewa,
wani dogo ya tsaya bakin rumfata.
Hausarsa irin ta kakata ce,
mai ƙanshin ƙasan adaka.
Ya ce shi Shekarau ne, jikan Barmo,
wanda ya bar Daura a ƙafa zai je hajji,
ya tsaya noman auduga don kuɗin jirgi,
auduga ta riƙe shi har kabari.

Na miƙa masa buta, na miƙa masa tabarma.

Ya ce: babbar ƙasa babbar riga ce,
in wuta ta kama wuya, hannu ba ya barci.
Birni ya fara ci.
Yamma ta ƙone har rijiyoyinta.
Gabas ba a yi harbi sosai ba,
mutane ne suka yi mata yawa,
kwanon dawa ya fi ƙarfin albashin malami.
A Cadi ya ga tanti ya zama unguwa.
A Nijar soja ya juya takardarsa sau bakwai.

Ban ce masa komai ba.
Na tuna Mati direba, da ya ce mini a asirce
ƙarfen da ke shigowa ƙarƙashin buhunan dabino
ba ya tambayar sunan ƙasa.
Na tuna ƙanwata a yammacin Jibiya
da ta daina kwana a ɗakinta.
Gemun maƙwabci aka ce mu duba,
ga namu yana ƙauri, muna neman ruwa.

Da asuba ya kwance ƙunshi:
'yar rediyo, murfinta ɗaure da zare.
Ita kaɗai ya ɗauko, ita da makullin gida.

Waya ɗaya ce ta tsinke. Na liƙa.
Na kai hannu zan murɗa, ya riƙe ni.
Ya ce: bari tukuna, Malam Jatau.
Muddin ba ta yi magana ba,
gidan yana nan a tsaye.

Ban karɓi ɗari biyar ba.
Na nuna masa motar Daura.