Rabin Ƙiftawar Ido

Wata bakwai ina wanke kwandunan kifi
a kasuwar Jagalchi, bakin teku.
Ƙarni ya bi ni har cikin barci,
gishiri ya tsattsaga mini yatsu.
Duk Asabar in ninke 'yan takardun won
in cusa a tsohon gwangwanin shayi.
Ranar da murfi ya ƙi rufuwa
na wanke hannu sau uku, na hau jirgin ƙasa.

Shagon yana hawa na huɗu.
Byeong-cheol, tabarau a kan hanci,
ya ja ni gefe kamar mai sayar da sirri:
"Wasan harbi kake yi? To rabu da talabijin.
Kai ka danna, ita sai ta yi shawara,
rabin ƙiftawar ido, an riga an kwantar da kai.
Ga monita, inci ashirin da bakwai.
Ba faɗi, ba murya, ba ado,
amma ba ta san jira ba."

Na kama linzami. Bai yi ƙarya ba,
hoto ya bi hannuna kamar inuwa.

Sai dai can jikin bango ga wata shirgegiya,
inci hamsin da biyar, da teku a cikinta
wanda ya fi na tagarmu shuɗi.
Na tuna ɗakinmu a kan tudun Yeongdo:
shimfiɗa biyu, tukunyar shinkafa,
da kakata Mal-sun
da akwatinta da ya mutu tun damina.
Har yau ƙarfe takwas, lokacin wasan kwaikwayo,
takan zauna gabansa tana ɓarar tafarnuwa
tana kallon baƙin gilashi.

Taura biyu ba ta taunuwa,
gwangwani ɗaya ne.
Na sauka ƙasa, na hau, na sake sauka.
Mai gadi ya fara bi na da ido.

Ni da Gi-tae muka ɗauko ta,
matakala ɗari da tamanin, kwali a kafaɗa,
yana haki yana zagina:
"Ka sayi bango, ka sayar da nasara."

Haka kuwa aka yi.
Makon farko na sha kashi kamar ganga.
In ga mutum, in danna, in faɗi.
Na lalubo saitin wasa a can ƙuryar na'ura,
jinkiri ya ragu, bai tafi ba.
Abokai suka raɗa mini Kunkuru.

Ƙarfe tara take miƙo mini rimot.
Da na ɗauka barci za ta yi.
Daren Laraba, ina laɓe bayan wata mota,
sai na ji gwiwar hannu a haƙarƙari:
"Hagu! Bayan ganga! Ga kansa can!"
Na juya, na danna. Ya faɗi.

Shekara arba'in tana nutso a ruwan sanyi,
numfashi ɗaya, tana tsintar abin da ya motsa
tsakanin duwatsu masu kama da juna.
Idon ya yi yana, ƙaramin rubutu ya gagare shi,
amma a allon nan kowane maƙiyi
ya kai tsawon tafin hannunta.
Kafin ya ɗaga bindiga ta gan shi.
Rabin ƙiftawar da talabijin ta ci mini
tsohuwa ta biya, har da canji.

Ba kullum muke ci ba.
Wani dare takan yi gyangyaɗi a tsakiyar yaƙi,
in mutu shiru, kada in tashe ta.

Monita tana raina har yanzu, ba zan ɓoye ba.
Jiya na jefa takardar farko a gwangwani.
Ta ji ƙarar murfi, ta ce, "Na mene ne kuma?"
Na faɗa mata.
Ta tura mini kwanon tafarnuwa.
"A fara sayo kujera," in ji ta,
"bayana ke ciwo, kuma gobe akwai gasa."