Ta Talatin da Biyu

Ni ne mai gadin Karar Bukuru,
shekara tara ina ƙirga ƙaho da tocila.
Daren Talata tirela ta iso daga Gaidam,
ruwan Agusta na dukan kwano kamar yana bin sa bashi.

Talatin da ɗaya suka sauka da ƙafarsu.
Ta talatin da biyu sai da aka ja ta da igiya:
ƙafar baya ta karye tun Darazo,
wuya a lanƙwashe ƙarƙashin 'yan'uwanta,
kwana biyu ba ruwa, ba wurin juyi.

Alhaji Ɗanliti ya latsa waya, ya yi tsaki:
"Dubu tamanin ta tafi."
Yaron mota ya ce rabonsa da abinci tun Bauchi.
Gaskiya ya faɗa. Na gutsura masa burodina.
Ita ba ta ce komai ba,
sai numfashi, fari fat, yana tashi cikin sanyin Jos,
irin wanda ke fita daga bakina.

Na kai mata ruwa a bokitin alwalata.
Ta sha, ta sha, ta ɗago ta dube ni.
Ban san abin da ke cikin idon saniya ba,
kada in yi mata ƙage.
Amma rawar jikin nan na san ta.
Haka tawa ƙafar ta yi a ramin kuza na Bisichi
ranar da ƙasa ta rufto,
ina ihu daga ƙasa,
na sama suna gardamar kuɗin buhu.

Chollom na shagon siminti ya leƙo da karensa:
"Tanimu, kai da ba ka wuce mai tsire?"
Na ce ina ci, gobe ma zan ci.
In gobara ta tashi, Lantana 'yata zan sunkuta,
maraƙi ya yi haƙuri.
Sai dai tsakanin mutum da buhun masara
akwai fili mai faɗi,
a nan take kwance, ruwa na dukanta.

An halatta mana nama, na ji.
Ban ji inda aka halatta kwana biyun nan ba,
ko sandar da ta ƙare a hancinta,
ko barkonon da aka watsa mata a ido don ta miƙe.
Wuƙa minti ɗaya ce.
Sauran duk gyara ce muka ƙara mata,
ba ta roƙa ba.

Da asuba mahauta suka turo amalanke.
Na ce wa ƙaraminsu,
"Wasa wuƙarka a bayan katanga, kar ta gani."
Ya yi dariya har da riƙe ciki.
Amma ya zaga bayan katangar.

Da ragowar ruwanta na yi alwala.
A littafin gadi na rubuta:
talatin da biyu sun shigo.
Na duba takardar sama da ƙasa,
babu layin da ake rubuta yaya.