Mai Sharar Majami'a

Ni ke buɗe ƙofar nan tun asuba,
shekara ashirin da uku ke nan,
tun majami'ar tana shagon faci
a wani gangare na Belford Roxo.
Mu goma sha ɗaya, zaune kan tayoyi,
rufi na yoyo cikin bokiti,
muna jera amin tsakanin ɗigo da ɗigo.

Josenildo riga ɗaya gare shi a lokacin.
Ni ke wanke ta daren Asabar,
ta kwana a bayan firji, ta bushe kafin wa'azi.
Ran da samarin tudu suka sauko da bindiga
neman ɗana Edivaldo,
shi ya tare bakin lungu,
ba komai a hannunsa sai Littafin da bangonsa ya rabu.
Suka juya. Da idona na gani.
Kada wani ya koya mini darajar mutumin nan.

Yau fuskarsa nake sharewa.
Ƙananan takardu, ɗari bisa ɗari,
murmushi da lambar zaɓe a ƙasan haɓa,
ƙarƙashin benci, cikin jakar baiko,
har a makwararar ruwan baftisma.
Tsintsiya ba ta san fasto ba.

Ya ce mana daga kan mumbari:
"In masu tsoron Allah suka ƙi kujera,
wa kuke zaton zai zauna?"
Na rasa amsa, har yanzu ban samo ba.
Zangonsa na fari ya kawo kwalta,
motar asibiti ta iya hawowa ƙofata
daren da numfashin mijina ya sarƙe.
Wanda bai taɓa ɗauko mara lafiya a kan ƙyaure ba
shi ke raina kwalta.

Amma bencin gaba ya sake masu shi.
Mutumin da yaransa ke karɓar kuɗin tukunyar gas
gida-gida, ran Juma'a,
can yake zama, agogonsa na ƙyalli,
ana sa masa albarka da suna.
Wata bakwai ban ji an ambaci gwauruwa ba,
ko ma'aunin zalunci.
Harshen da ya ci zumar mutum
nauyi yake yi in an zo faɗin laifinsa.

Neuzeli, mai muryar da ke sa maza hawaye,
ta manna hoton wata malamar makaranta a tagarta.
Ba a kore ta ba, a'a.
An dai ce ta huta da waƙa,
ta je ta binciki zuciyarta.
Yanzu daga wajen katanga take bin amshi
tana soya doya ga masu fitowa.

Jiya na nemi kwanon nan na silba
da yakan durƙusa da shi a makon Ista
ya wanke ƙafafun 'yan acaɓa da masu dako.
Na same shi a ɗakin baya,
cike da gam ɗin manna fosta,
buroshi tsaye a ciki kamar tuta.

Ban ce wa kowa komai ba.
Na kai shi famfo, na jiƙa, na kankare da farce,
gam ya fi laifin jiya taurin kai.

Gobe Lahadi, gobe zaɓe.
Zan shiga bayan kwalin nan ni kaɗai
da yatsana mai warin sabulu.
Ya Yesu, kai da ka tsere kan dutse
sa'ad da taro ya so naɗa ka,
ban roƙe ka lamba ba.
Ka san ina bin mutumin nan da addu'a,
shi kuma yana bina ran ɗana.

Kwanon dai na mayar ƙarƙashin mumbari,
da tawul a ninke,
daidai inda ƙafarsa za ta yi tuntuɓe da shi.