Karatu Na Biyu

'Yar rediyon da ke rataye a ƙusa
ta ce ƙudirin ya tsallake karatu na biyu.
Ni ina tsugune gaban baho,
ina wankin wando na bakwai.

Tasallah nake, gidana a Ja'en,
bayan injin markaɗe, ƙofa mai shuɗin fenti.
Kafin a sallame asuba
Barira ta ƙwanƙwasa,
ta kwance mini Anas daga baya, da ɗuminsa,
ta ruga Sharaɗa kada kamfani ya rufe ƙofa.
Hansai mai shara a asibiti ta kawo biyu.
Malama Kubra ta kawo ɗaya, da kunu a kwano,
da ban haƙuri: albashi bai shigo ba.

Tara ne yau. Jiya sha ɗaya.

An ce a majalisa an raɗa mana suna,
wai ma'aikata ne mu.
Shekara ashirin da uku ina share majina,
sai bana na ji ashe aiki ne.
An ce za a tallafa wa iyaye,
wani abu a kan kowane yaro, duk wata,
amma sai mai reno ta yi rajista,
ta kawo takardar shaida da lambar asusu,
a zo a auna ɗakinta.

To, bismilla, ku auna.
Taku shida ne, faɗinsa huɗu.
A nan Nafi'u ya yi rarrafe,
yau tirela yake ja har Legas.
A nan Shamsiyya ta yi haƙori,
jiya ita ta gwada mini hawan jini.
Takarda kuwa, ku duba ƙirjina,
inda majanyi ya sa hannu.

Na san kukan yunwa, na san na ƙiwa,
na san wanda ba a rarrashi,
sai a yafa mayafi a nufi asibiti.
Wa zai zaunar da ni jarrabawar wannan?

Ba ƙi nake ba, kada a ce Tasallah ta ƙi.
Na ga albashin Barira a tafin hannunta:
mai adaidaita ya gutsura, mai gida ya gutsura,
abin da ya saura muke kallo mu biyu,
kowa na jin kunyar kowa.
In kuɗin zai taso, Allah ya taso da shi.
Roƙona dai ya san hanya,
kada ya tsaya shan inuwa a ofis,
ya iso lungunmu ya rame.

Saura karatu na uku, in ji ta,
saura kwamiti, saura sa hannu.
Sai ta koma tallar sabulu.

Anas ya farka.
Shi bai iya jira ba.
Na goge hannu a gefen zane,
na ce, gani nan, Alhaji, gani nan.